Muhawara: Wa zai riga dillali isa wurin wanda yaƙi ya koro?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, ina so in ji ta bakinku, musamman malamanmu da masu tara taimako a masallatai da majami'u.

Na yi wata 7 ina aikin jinya a wani sansanin 'yan gudun hijira da ke bakin iyaka, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji ta addini. Ba sai na faɗi sunanta ba, mutanen kirki ne. Akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara 15 ba, ina wanke mata ciwo duk bayan kwana biyu, don tafiyar ƙasa ta farfasa mata tafin ƙafa. Wata Talata ta shigo da murna, ta ce wata mata ta samo mata aikin gida a birni, har ta ba uwarta kafin alƙalami, ita kuma ta sayo mata takalmi. Na ga takalmin, na roba ne ja, ya yi mata yawa sai da ta cusa tsumma a ciki. Na ce kada ta je ko'ina sai na yi magana da shugabar sashenmu. Shugabar ta tafi karɓo magunguna, ni kuma layin marasa lafiya ya sha kaina. Ranar Alhamis na haɗa auduga da bandeji ina jiranta, shiru. Na je tantinsu, uwar ta juya katin abinci ta nuna mini wata lambar waya da aka rubuta da biro. Na kira a gabanta, a kashe. Har na baro wurin lambar nan ba ta taɓa shiga ba.

Muna da abinci, muna da bargo da magani, muna da masu wa'azi safe da yamma. Amma ba mu da mutum ko ɗaya wanda aikinsa kawai ya tsaya a ƙofa ya tambayi matar nan: ke wace ce, ina za ki kai ta, ina shaidarki? To me ya sa in an ce a tara kuɗin ceto hannunmu ke saurin shiga aljihu, amma albashin mai rajista da mai tsaron ƙofa ba wanda ke son biya?

Malam Na-Gefe:
Wa'alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana ta, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta. Hajiya, ke ma Allah ya saka miki, kin yi abin da hannu biyu za su iya.

A addinance maganar ba ta da duhu. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama. A cikinsu akwai wanda ya sayar da ɗa, wato mutumin da ba bawa ba, ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya gama, ya hana shi ladansa. Ku duba fa, biyun nan su ne ainihin sana'ar masu safarar mutane. Sannan aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa 'yanta wuyaye cikin gurabe 8 da ake kai zakka. Don haka ni ba na son a raina ceto. In da za a san inda yarinyar nan take, a ce a kawo kaza a sake ta, wallahi ni ne farkon mai bayarwa.

Lauyan Zaure:
Allah ya gafarta Malam, kafin mu kai ga fansa bari in gyara wani abu da mutane ke cakuɗawa. Fasa-ƙwaurin mutane daban, safarar mutane daban. Ɗan fasa-ƙwauri ka biya shi ya tsallaka da kai iyaka, ku rabu. Mai safara kai ne hajar. Yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan safarar mutane, ta ce abu uku ke haɗuwa: a ɗauko mutum ko a kai shi ko a ɓoye shi, ta hanyar ƙarfi, yaudara, ko cin gajiyar rauninsa, da nufin ci da guminsa ko jikinsa. Idan kuwa bai kai shekara 18 ba, ba a ma buƙatar na tsakiyar. Wato ko yarinyar ta tafi tana dariya, ko uwar ta sa hannu, in an kai ta bauta safara ce.

A fagen yaƙi kuma na farkon kan rikiɗe ya koma na biyu a tsakiyar hanya. Kuɗin mota ya ƙare, sai a ce bashi ne, bashin ya zama igiya. Abin da gidan talabijin na CNN ya nuna a Libiya a Nuwamban 2017 ke nan, ana gwanjon maza a kan dala 400. Mafi yawansu da ƙafarsu suka fito, suka biya ɗan fasa-ƙwauri. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai yi ƙuduri na musamman kan safarar mutane a wuraren rikici ba sai Disamban 2016, mai lamba 2331. Kun ga an makara ƙwarai.

Ɗan Agaji:
Malam, da girmamawa, an taɓa gwada fansar nan da kake magana, kuma a fili. Lokacin yaƙin basasar Sudan na biyu, mayaƙan sa-kai kan kai hari ƙauyukan Dinka a arewacin Bahr el Ghazal su kwashi mata da yara. Daga 1995 wata ƙungiyar Kirista mai mazauni a Suwizalan, Christian Solidarity International, ta fara tashi da jirgi tana kai kuɗi a fanso su, kusan dala 50 kowane mutum. Har 'yan makaranta a Amurka sun tara kuɗi. Niyyar ba wanda ke shakkarta. Amma UNICEF ta fito ta soki tsarin, kan cewa kuɗin waje na iya zama abin da ke ƙara wa maharan ƙwarin gwiwa. A 2002 kuma jaridun Washington Post da Irish Times suka kawo rahoton cewa a wasu wuraren ana tara yaran gari ne a koya musu abin da za su ce, a zaunar da su ƙarƙashin bishiya a matsayin bayi, a karɓi kuɗi a raba. Ƙungiyar ta musanta, ta tsaya a kan cewa ta 'yanta dubbai na gaskiya.

Ko wane ɓangare ka gaskata, tsoron yana nan: ranar da ɓarawon mutane ya gane akwai mai saye da ba ya taya farashi, gobe zai kawo biyu.

Malam Na-Gefe:
Na ji ka ɗana, kuma hujja ce. Amma in 'yarka ce fa? Iyalan Yazidawa, wasu mutane masu addininsu daban a arewacin Iraƙi, da 'yan ISIS suka kwashe wa mata sun ci bashi, sun sayar da abin da suka mallaka, suka biya masu satar hanya suka fito da 'ya'yansu daga Mosul da Raƙƙa. Za ka iya kallon idon uban ka ce masa yana raya kasuwa?

Ɗan Agaji:
Ba zan iya ba, Malam. Uba ya fanshi 'yarsa ba ni da bakin magana. Ƙungiya ta buɗe asusu ta sanar wa duniya tana sayen mutane, wannan ne nake jin tsoro.

Baba Dattijo:
Salama gare ku duka. Ni Kirista ne, na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, yau dai zan yi.

'Yata Maman Biyu, labarinki ya tuna mini da arewacin Yuganda. A Oktoban 1996 'yan tawayen LRA suka shiga makarantar 'yan mata ta St. Mary da ke Aboke da dare, suka tafi da 139. Sista Rachele Fassera, 'yar Italiya, ta bi sawunsu cikin daji ita da wani malamin makarantar, ta durƙusa ta roƙi kwamandan. Ya sakar mata 109, ya riƙe 30. Kowa ya san wannan labarin, don jarumta ce. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na yaran da ke tattaki kowace yamma daga ƙauyuka zuwa cikin garin Gulu su kwana a baranda da tashar mota don kada a sace su a gida. A 2003 Akbishop John Baptist Odama da sauran shugabannin addini na yankin, har da Musulmi, suka ɗauki bargunansu suka je suka kwana tare da yaran a waje. Ba su ceto kowa a daren ba. Sun sa duniya ta waiwayo, aka ƙara wuraren kwana masu gadi da fitila. Yaron da ya kwana lafiya ya koma gida da safe ba ya shiga labarai, shi ya sa ba a tara masa kuɗi.

Akwai kuma sistocin Katolika da suka haɗa kai a 2009 suka kafa Talitha Kum, ƙungiyar yaƙi da safarar mutane. Sunan daga Markus 5:41 yake, inda Yesu ya kama hannun yarinya ya ce ta tashi. Yawancin aikinsu zama ne da mata, koya musu gane tayin aikin ƙarya, koyar da sana'a, da sanin wa za a kira a wancan gefen iyaka, tunda suna da 'yan'uwa a ƙasar da aka baro da ƙasar da za a je. Ranar addu'arsu 8 ga Fabrairu ce, ranar tunawa da Josephine Bakhita, wadda aka sato daga Darfur tana ƙarama aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu, ta rasu a Italiya a 1947. Darfur ɗin nan dai da ake gudu daga cikinta yau zuwa Adre a Cadi.

Mai Tantama:
Ku yi haƙuri, ni zan ɓata zaman. Kuna magana kamar addini kullum yana ɓangaren mai ceto. Su waye suka kwashi Yazidawa fiye da 6,000 a Sinjar a Agustan 2014, suka kafa kasuwar mata har da takardar ciniki? Da sunan me suka yi? Joseph Kony, shugaban LRA da ya sace 'yan matan Aboke ai cewa ya yi zai yi mulki da dokoki goma na Littafi Mai Tsarki.

Bar ma masu bindiga. A Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa 10 'yan wata tawagar majami'a suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 ba takardu, wai marayu. Da aka bincika yawancinsu iyayensu na raye. A Oktoban 2007 an kama 'yan wata ƙungiyar Faransa, L'Arche de Zoé, a Abeche za su sa yara 103 a jirgi, wai marayun Darfur ne, alhali mafi yawansu 'yan Cadi ne masu dangi. Waɗannan ba ƙungiyar addini ba ce, amma tunanin ɗaya ne: na zo yin alheri, don haka ba mai tambayata. Sai rahoton 2002 na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Save the Children a Gini, Laberiya da Saliyo, inda ma'aikatan agaji da kansu ke neman 'yan mata kafin su ba su abinci ko tamfol.

Tambayata ga Maman Biyu: matar da ta tafi da yarinyar, a wace shiga ta zo?

Maman Biyu:
Ɗan'uwa, ka taɓa inda ke ciwo. Uwar ta ce mini matar mai addini ce, bakinta ba ya rabuwa da ambaton Allah, ta sha zuwa ta zauna da su wurin ibada, ta ma taɓa kawo wa wata mai jego sabulu. Shi ya sa ba wanda ya yi mata kallon baƙuwa. Kura ce da fatar akuya, kuma fatar tamu ce ta ara.

Amma ka ga, wannan bai sa na ce masu addini su janye ba. Cewa na yi mu muka fi kowa nauyi. Wanda yaƙi ya koro bai yarda da soja ba, bai yarda da ɗan sanda ba, takardar da aka manna a allo ba lallai ya iya karanta ta ba. Limami ko fasto ya faɗi magana ɗaya, kafin dare ta zagaye sansanin. Yardar nan ita ce jarinmu, ita kuma dillali ke sata. In ba mu sa mata ƙofa da makulli ba, mun taya shi aiki.

Malam Na-Gefe:
Mai Tantama, ba zan kare ɓarna ba. Sai dai a cika labarin. A Satumban 2014 malaman Musulunci fiye da 120 daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa Baghdadi, shugaban ISIS na lokacin, buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka ce dawo da bauta haramun ne bayan an yi ijma'i a kan kawar da ita, suka kuma haramta cutar da Yazidawa. Ranar 2 ga Disamban shekarar, a Vatikan, Fafaroma Francis da Akbishop na Canterbury da wakilin Shehun Azhar da malaman Shi'a da na Yahudawa da Hindu da Buda suka sa hannu a sanarwa ɗaya ta yaƙi da bautar da mutane. Na sani, wasiƙa ba ta buɗe kurkuku. Amma saurayin da ake ruɗa da aya, aya ce ke warware shi.

Abin da ya fi girgiza ni ma daga Yazidawan ya fito. A al'adarsu wadda aka tilasta wa barin addini ko wani bare ya taɓa ta, da wuya ta dawo cikinsu. Shugabansu na addini, Baba Sheikh, ya tashi ya ce duk wadda ta kuɓuto Bayazidiya ce cikakkiya, a karɓe ta hannu biyu. Aka riƙa kai su wurin ibadarsu na Lalish ana yi musu maraba. Wace ƙungiya ce, komai kuɗinta, za ta iya yin wannan? Kuma riga-kafi ne babba, domin macen da ta kuɓuto danginta suka juya mata baya, dillali na gaba yana bakin hanya yana jiranta.

Mai Tantama:
Gaskiya ne Malam. Amma 'ya'yan da suka haifa a hannun ISIS fa? A Afrilun 2019 majalisar addininsu ta yi sanarwar da aka fahimta kamar an karɓi yaran, bayan 'yan kwanaki ta fito ta ce ba da su take ba. Uwaye da yawa sai da suka zaɓa tsakanin ɗa da dangi.

Malam Na-Gefe:
Haka aka yi, kuma abin baƙin ciki ne. Ba zan jefe su ba, don mu ma in aka bincike mu za a ga irinsa. Bari ma in tona namu.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi wajen fitar da yarinya daga sansani ita ce aure, kuma da bakinmu ake ɗaura shi. An yi ta ba da rahoton haka a kan 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan da Labanan: mutum ya zo daga wata ƙasa da kuɗi, ya ce zai rufa wa marainiya asiri, bayan 'yan makonni ya sake ta ko ya ɓace da ita. Ni kaina an taɓa kirana a wani wurin da masu gudun rikici suka taru. Mutumin ya haura 50, ya zo da mota mai kyau, yana ta duba agogo, yana so a ɗaura kafin magariba. Waliyyin wani ƙanin uba ne da bai san ko garin ango ba. Shaidu biyun a motar angon suka zo. Na ce a ba ni kwana 3, a kawo mini wanda ya san shi a garinsu, in kuma ji daga bakin yarinyar ba tare da kowa a kanta ba sai wata dattijuwa. Ya yi fushi, ya ce ina hana sunna. Bai dawo ba. Abin da ke hana ni barci shi ne ban je na gaya wa sauran masu ɗaurin aure na wurin ba, kuma ba ni kaɗai ba ne malami a can.

To Hajiya, na dawo kan maganarki. In za a tara zakka, a sa har da horar da limamai su san irin waɗannan alamu, kuma a yi littafi ɗaya da duk auren da aka ɗaura zai shiga.

Direban Dare:
Salam. Ni direba ne, ina zaune a Turai. A Maris ɗin 2022 majami'ar unguwarmu da masallacinmu suka haɗa motoci zuwa iyakar Folan da Yukiren, na bi su. Wanda bai ga wurin ba ba zai gane ba. Maza daga shekara 18 zuwa 60 an hana su fita, don haka kusan duk wanda ke tsallakowa mace ce da yara da tsofaffi. A tashar jirgin ƙasa ta Przemysl ga mutane riƙe da kwali an rubuta Berlin, mutum 4, kyauta. Wa ya san wane ne na Allah a cikinsu?

A cibiyar da muka je, wata sista tsohuwa ce a kan tebur da wani ƙaton littafi. Ta karɓi lasisina da katin shaidata, ta rubuta lambar mota, ta ɗaura mini wani zare mai lamba a hannu. Ta sa matar da zan ɗauka ta ɗauki hotona da na lambar motar ta tura wa mijinta a gabana. Ta ce mata kada ta ba kowa fasfonta ko da ni ne, kuma ta kira in mun isa. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Na yi tuƙin awa 11 da man aljihuna, a yi mini kamar ɓarawo? Sai na ga wani da ke bayana a layi, da jin an ce a kawo kati ya ce ya manta abu a mota. Ba mu sake ganinsa ba. Matar da na ɗauka kuwa, tun daga iyaka har muka isa hannunta na kan ƙofar mota, yaranta biyu na barci a jikinta. Ba ta saki ƙofar ba sai da ta ga 'yar'uwarta tsaye a bakin gida.

Lauyan Zaure:
Allah ya biya ka, Direba. Littafin sistar nan shi ne abin da Maman Biyu ke nema. In ƙara da abin da ya fi littafin ƙarfi. Ranar 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta yi amfani da dokar kariya ta wucin gadi, wadda ke ajiye tun 2001 ba a taɓa taɓa ta ba. 'Yan Yukiren suka samu izinin zama, izinin aiki, makarantar yara, ƙasashe da dama suka ba su jirgin ƙasa kyauta. Macen da za ta iya shiga jirgi da ranar Allah ta nemi aiki da sunanta, me dillali zai sayar mata? Ba a ce ba a cuci kowa ba, amma an toshe babbar kafa.

Ku kwatanta da Rohingya. Fiye da 700,000 suka gudo daga Myanmar zuwa Cox's Bazar a Bangaladash daga Agustan 2017. Ba su da ƙasa, ba su da izinin aiki. A 2023 kuɗin tallafi ya yi ƙasa, hukumar abinci ta duniya ta rage rabon kowane mutum daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8. A 2023 ɗin kusan 4,500 suka hau kwale-kwale zuwa Malesiya da Indunisiya, 569 suka mutu ko suka ɓace. Kuma sun san da kaburburan da aka tono a sansanonin masu safara a dajin iyakar Tailan da Malesiya a 2015. Sun sani, suka hau. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Don haka wayar da kai kaɗai ba ta isa ba. Buhun abincin da bai yanke ba, da makarantar da ke riƙe yaro daga safe zuwa azahar, da matsa wa gwamnati ta ba da takardar aiki, duk yaƙi da safara ne ko da ba a rubuta haka a jikin allo ba.

Ƙaramar Ɗaliba:
Iyayena, ku gafarce ni in yi tambaya. Mu a makaranta muna tara ɗan abin da ya samu, kuma kullum gidan marayu muke tunani. Yanzu na ji tsoro. Ba daidai ba ne ke nan? Kuma ban ji an yi maganar yara maza ba sosai.

Baba Dattijo:
Jikata, tambayarki ta fi ta manya. Yaron da aka tsinta shi kaɗai a lokacin yaƙi, kada a yi saurin kiransa maraya. Sau da yawa gudu ne ya raba su, uwar na wani sansani tana kuka. Ƙa'idar masu aikin nan ita ce a rubuta shi, a ɗauki hotonsa, a ajiye shi kusa da inda aka same shi wurin iyali amintattu, a shiga neman danginsa. Ba a ɗauke shi a kai wata ƙasa ana tsakiyar rikici. In kuna da kuɗi, ku ba wa masu tallafa wa kaka ko gwaggon da ke riƙe da yaron. Kuma ku tambayi duk ƙungiyar da za ku ba: kuna tantance ma'aikatanku? In ma'aikacinku ya yi ɓarna, wa yarinya za ta gaya wa wanda ba abokinsa ba? Kuna sa sharaɗin shiga addininku kafin ku ba da taimako? Wannan na ƙarshen ni Kirista nake faɗa, kuma kunyarsa ta sha kama mu. Ƙa'idojin aikin agaji na 1994, waɗanda Caritas, ƙungiyar agajin Katolika, da Majalisar Majami'u ta Duniya na cikin waɗanda suka tsara tare da Red Cross, sun ce ba a amfani da agaji don tallata addini ko siyasa. Mai yunwa da aka saya da abinci, an koya masa cewa shi abin saye ne.

Maza kuwa kin yi gaskiya. Su ake kwasa a ba su bindiga, ko dako, ko haƙar ma'adinai, ko jiragen kamun kifi. In sun dawo ba mai kiransu waɗanda aka zalunta, tsoronsu ake ji.

Malam Na-Gefe:
Baba ya gama magana. A wurinmu ma Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Riƙon maraya lada ne mai girma, amma ba a yanke shi daga asalinsa.

Mai Tantama:
Ban sauka daga matsayina duka ba. Har yanzu ina ganin duk ƙungiyar da ta ce Allah ne shaidarta, a ce mata to, amma a kawo littafin a duba. Sai dai na yarda da ɗaya: limamin nan da ya ce a ba shi kwana 3, babu jami'in gwamnatin da zai iya tsayawa a gurbinsa.

Lauyan Zaure:
Hajiya Maman Biyu, kafin zaren ya yi nisa. Yarinyar nan an shigar da sunanta wurin masu neman dangi? Red Cross da Red Crescent suna da sashen haɗa iyalan da rikici ya raba, kuma suna aiki a ƙasashe da yawa lokaci ɗaya. Uwar ce ya kamata ta shigar da buƙatar, amma ke za ki iya zama shaida, ki ba da ranar da abin ya faru da kamannin matar. Lambar wayar nan ma hujja ce, ko a kashe take an taɓa yi mata rajista. Kada dai ki sa hoton katin ko sunan yarinyar a nan zauren, ki turo mini ta gefe.

Maman Biyu:
Na kai rahoto ga shugabarmu a lokacin, ita ma ta kai sama, daga nan ban sake jin komai ba. Wajen masu neman dangi kam ba mu je ba, ban san uwar na da wannan damar ba. Na ji an mayar da su wani sansani, amma akwai wata abokiyar aikina da ke can har yanzu, yau da dare zan kira ta ta nemo mini ita.

Hoton katin yana wayata, ban taɓa gogewa ba. Zan turo maka yanzu, Barista. In akwai gurbin alamomi a takardar, a rubuta tana da tabo a tafin ƙafar hagu, wajen diddige, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Yanzu za ta kai shekara 17.